Tacewa ko tsallake? Tarihin giɓin da finafinanmu suka bari a Panshekara

Mai karatu, bari in fara da wata fitowa da na tabbata ka gan ta ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Alhaji ya fito daga katafaren gidansa, direba ya buɗe masa mota, ya waiwaya ya ce wa Hajiya ya tafi kamfani. Sai hoto ya yanke. Can sai ga shi a ofis kan kujera mai juyawa, gabansa fayil biyu da wayar tarho, sakatariya ta shigo ta ce yana da baƙi. Ya sa hannu a takarda, ya dubi agogo, ya koma gida aka ci gaba da rigimar kishiyoyi. Har fim ya ƙare ba za ka san me ake yi a wannan kamfani ba. Sabulu ne? Atamfa ce? Takalmin roba ne? Oho!

Ni a Panshekara na tashi. Mahaifina ya yi shekaru yana aiki a wani kamfanin fata a Challawa, kafin a rage ma'aikata ragin ya faɗa da shi, lokacin ina firamare. Wata rana da daddare muna kallon irin wannan fim a tsakar gida, sai ya yi murmushi ya ce da ni, "Kai ɗan boko, wai shi kamfanin nan nasu ba shi da leburori ne? Ko aljannu ke yi musu aikin?" Duk aka yi dariya. Sai da na girma na fara sharhin finafinai na gane ba a taɓa yi mini tambayar da ta kai wannan nauyi ba. A kanta nake so mu tattauna a wannan wata.

HAUSA BA TA DA KALMA ƊAYA

Kafin mu shiga tarihi, mu dubi harshen tukuna. Bahaushe ba shi da kalma ɗaya tak ta barin abu a waje. Yana da su da yawa, kuma kowace da hukuncinta.

Akwai "mantuwa" da "sha'afa". Waɗannan ba laifi a cikinsu, ɗan Adam ajizi ne. Akwai "sakayawa", wato ka san abu sarai amma ka lulluɓe shi, ka ce "wane" ko "wance" ko "kaza da kaza". Akwai "alkunya", wadda ita ma barin faɗa ce, amma ta girmamawa: uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, mace ba ta kiran sunan mijinta, yaron da ya ci sunan kakansa sai ya koma Abba ko Baffa, yarinya ta koma Ummi. Akwai "rufin asiri", wanda kowa ke roƙon Allah ya yi masa. Duk waɗannan barin ne na mutunci.

Sai kuma ɗaya ɓangaren. "Yankewa", "cirewa" da "sokewa" aikin mai iko ne. "Kau da kai" aikin wanda ya gani ne ya yi kamar bai gani ba. "Tauyewa" ta fi su muni, domin ita ragi ce a cikin haƙƙin wani, shi ya sa ake cewa tauye mudu. "Tsallake" kuwa shi ne ka zo kan abu a hanyarka, ka ɗaga ƙafa ka wuce. Abin da duk suke bari a baya sunansa "giɓi".

Saura guda, wadda mu 'yan harkar fim muka fi ji a baka: "tacewa". Asalinta daga madafa take. A tace ƙullu, gasara ta sauka, dusa ta tsaya a kan rariya. Riƙe wannan kalma, mai karatu, domin ita ce za ta kai mu Panshekara ta dawo da mu Titin Gidan Zoo.

SUNAN DA AKA FARA TSALLAKEWA

Barin sunan ma'aikacin Kano a waje ya girmi fim nesa ba kusa ba. Tun zamanin fatauci ta Sahara, majeman ƙasar Hausa ke jeme fatar jar akuya da bagaruwa, ayari ya ɗauke ta zuwa Arewacin Afirka, daga can ta tsallaka teku. Da ta isa Turai sai aka sa mata suna fatar Maroko, saboda ta can ta biyo. Majemin da ya sa hannunsa a cikin ruwan jima ba wanda ya ji labarinsa. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta yadda tufafi da takalma da fatun Kano ke tafiya ƙasashe masu nisa. Wato tun kafin a kafa inji ko ɗaya, Kano garin masu sana'a ne.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, hanyar ciniki ta juya daga Arewa ta koma Kudu, gyaɗa da fatu da ƙiraga suka kama hanyar Ikko. Layin dogon ta Challawa ya ratso. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, Hukumar En'e ta kafa matatar ruwa da injin lantarki a bakin kogin Challawa, nan gefen Panshekara. Ka ga kalmar tamu ta dawo: matata. Ruwan famfon da birni ya fara sha, a nan aka tace shi. Bayan 'yan shekaru, a 1937, aka buɗe silimar Rex a Kano. Mai son rubuta tarihin kallo a Kano, idan yana da adalci, ya kamata ya ratsa ta Panshekara, domin kafin a yi silima sai da aka yi wuta.

ZAMANIN JINIYA

Bompai ce babbar yaya a unguwannin masana'antu. Tun daga shekarun 1950 aka fara jera kamfanoni a can: masu matsar man gyaɗa, masu sabulu da turare, masu alewa, masu kwanuka, masu jima, da yawansu na 'yan kasuwa Kwarori da Turawa. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, kuɗin man fetur ya shigo, dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 suka ba attajiran gida dama, sai Bompai ta cika. Aka buɗe Sharaɗa kashi-kashi, aka kuma yanka Challawa a ƙasar Kumbotso. Kano ta zama ta biyu bayan Legas a harkar masana'antu a Nijeriya.

To, su wane ne suka tayar da injinan? Wani masani Ba'amurke, Paul Lubeck, ya zauna da leburorin kamfanonin Kano a farkon shekarun 1970, ya fitar da littafi a kansu a 1986. Ya nuna cewa da yawansu mutanen karkara ne, ciki har da almajirai da gardawa da suka shigo birni neman karatu ko cin rani, suka ɓuge da aikin kamfani. Ya kuma ba da labarin yajin aikin 1971, lokacin da kwamitin Adebo ya ba da shawarar ƙarin albashi, wasu masu kamfanoni suka yi ta jan ƙafa, leburori suka ajiye aiki suka fito. Bayansa aka yi Udoji, wanda kuɗinsa suka shiga hannu a 1975, har yau tsofaffi na ba da labarin kekuna da rediyoyin da aka saya a lokacin.

Dubi wannan da idon mai shirya fim. Gardi ya bar tsangaya, ya ajiye allo ya kama inji. Yana lissafin lokacin salla, manaja na lissafin lokacin aiki. Ya aika kuɗi ƙauye, ya kama ɗakin haya, ya fara neman aure. Rana ɗaya aka ce an yi ƙarin albashi amma ba a biya ba. Wallahi ko marubucin da ya fi kowa ƙwarewa ba zai ƙago labarin da ya fi wannan ba. Amma Bature ne ya zo daga Amurka ya rubuta shi, da Turanci, mu kuwa muka ɗaga ƙafa.

Daga nan al'amura suka fara juyawa. Farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta kawo tsuke bakin aljihu a 1982, gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP a 1986. Darajar Naira ta zube, kayan gyaran inji da sinadaran da ake shigowa da su suka yi tsada. Wutar NEPA ta zama sai an ga dama, kamfani ya koma kan janareto da baƙin mai. A 1997 aka ɗage takunkumin shigo da yadi daga waje, ba a jima ba atamfar Sin ta cika Kantin Kwari. Masaƙu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Jiniyar da ke tashin unguwa da asuba ta yi shiru a wurare da yawa. A nan leburori suka koyi sabuwar ma'anar wasu kalmomi biyu: "ragi" da "sallama".

FIM YA ZO, KAMFANI NA TAFIYA

Abin lura shi ne, a daidai wannan tsakanin aka haifi fim ɗin Hausa na bidiyo. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990. Sangaya ya fito a 1999, Wasila a 2000, kasuwa ta buɗe, kaset ya cika Ƙofar Wambai, ofisoshin furodusoshi suka cika Titin Gidan Zoo. Matasan da suka shigo harkar, 'yan wasa da masu ɗaukar hoto da masu tura kaset a baro, tsararrakin waɗanda da a ce zamani bai juya ba, da yawansu ƙofar kamfani za su nufa. Wasu ma 'ya'yan leburorin ne na cikinsu. Kuma tsakanin Titin Gidan Zoo da Sharaɗa ba wata tafiya ba ce, ɗan acaɓa ba zai caje ka kuɗin kirki ba. Duk da haka kyamara ba ta yi wannan 'yar tafiyar ba.

Za ka ce ai Indiya muka kwaikwaya. To, mu je Indiyar. A Namak Haraam na 1973, rigimar mai kamfani da ƙungiyar ma'aikata ce ta raba Amitabh Bachchan da Rajesh Khanna. A Deewaar na 1975, uban jarumin shugaban ma'aikata ne, shi kansa jarumin ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa. Kaala Patthar na 1979 a ramin haƙar kwal aka gina shi. Coolie na 1983 kuwa sunansa ma ya isa. Iyayenmu sun kalli irin waɗannan a silimun Kano har sun haddace su. Da muka tashi kwaikwayo sai muka yi tacewa irin tamu: muka ɗebi waƙa da rawa da soyayya, lebura ya tsaya a kan rariya. Kai, ko fim ɗin da ake lissafawa cikin na farko a duniya, wanda 'yan'uwan nan Lumière suka ɗauka a birnin Liyon na Faransa a 1895, ba komai ya nuna ba illa ma'aikata suna fitowa daga kamfani an tashi daga aiki.

AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI

Idan aka yi maganar abin da babu a finafinanmu, nan da nan sai a nuna hukuma da yatsa. Ba na musun cewa almakashinta ya yi aiki. Gwamnatin tarayya ta kafa hukumar tace finafinai ta ƙasa da dokar 1993. A Kano, bayan ƙaddamar da Shari'a, gwamnati ta dakatar da harkar fim a Disambar 2000, sannan ta kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jiha a 2001. Bayan abin da ya faru a 2007 aka sake dakatar da shirya fim na tsawon watanni, aka naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, aka ɗaure Adam A. Zango a shekarar, aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a ƙarshen 2008. A 2007 ɗin ne kuma aka ƙona littattafan Hausa a wata makarantar 'yan mata. Ko a 2025 hukumar ta dakatar da finafinai 22 masu dogon zango. Wannan tarihi ne mai ɗaci, an kuma yi rubutu a kansa da yawa.

Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Rigimar da aka shafe shekaru ana yi da hukuma a kan me take? Rawa, sutura, cuɗanyar maza da mata, rajista da lasisi. Abin da aka yanke, an san da shi, domin sai da aka ɗauka kafin a yanke, kuma akwai mai ƙorafi a kansa. Lebura kuwa ba a kai shi gaban almakashi ba balle a yanke shi. Tun a takardar labari aka bar shi. Yankewa tana barin tabo, kowa ya gani ya yi magana. Tsallake ba ya barin komai, shi ya sa ya fi haɗari.

Kada in yi rashin adalci. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya shafe rayuwarsa yana fitowa a talaka: maigadi, direba, ɗan ƙauye, mai ƙaramar sana'a. Shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya shigo da unguwar talakawa cikin falon mutane. Sai dai a mafi yawan finafinanmu talaka abin dariya ne ko abin tausayi, yana jiran ɗan mai kuɗi ya auri 'yarsa. Da wuya ka gan shi a matsayin mai ƙwarewa, wanda in bai zo aiki ba inji ba zai tashi ba.

Na tambayi kaina dalili, na samu uku. Na farko kuɗi: aron gidan wani Alhaji ya fi sauƙi a kan neman izinin shiga kamfani, ga ƙarar inji, ga maigadi a ƙofa. Na biyu kasuwa: a zamanin kaset da sidi, 'yan kasuwa ke faɗin abin da zai sayu, su kuma soyayya suka sani. Mai kallon ma da ya wuni a tsaye gaban inji, wataƙila ba ya son ya dawo gida ya sake ganin injin. Na uku shi ne ya fi damuna: kunya. Mun ɗauki aikin lebura abin ɓoyewa. Ni kaina a makaranta in aka tambaye ni aikin mahaifina, cewa nake "yana aiki a Challawa", in yi shiru daga nan. Na ɗauka sakayawa nake yi. Yanzu na san tauyewa ce.

ABIN DA GIƁIN YA CI

Me muka rasa? Je ka Challawa da safe ka gani. Har yanzu akwai kamfanonin da ke aiki, na fata da na roba da na abinci da abin sha. Fatar da ake jemewa a nan tana tafiya Italiya da Sifaniya, a yi takalmi da jaka da ita, a buga sunan wata ƙasa a jiki. Labarin fatar Maroko bai ƙare ba ke nan, riga kawai ya sake.

Sannan ga ruwa. Jimar zamani da sinadarin kuromiyam ake yin ta, ba da bagaruwa ba. Masana a jami'o'inmu sun daɗe suna rubutu a kan dagwalon masana'antu da ke bin rafin Salanta daga Sharaɗa, da wanda ke fita daga Challawa, suna gangarawa kogin Challawa, da kuma na Bompai da ke bin Getsi ya haɗu da Jakara. A bakin waɗannan ruwaye akwai masu noman rani, akwai masunta, akwai yara masu wanka. Garin da aka fara tace wa birni ruwan sha, shi ne ke zaune kusa da ruwan da ya fi buƙatar tacewa. Mun yi shekaru fiye da 20 muna faɗa a kan tace fim. Fim nawa muka yi a kan tace ruwa?

Babbar asarar kuwa ita ce mutanen. Wanda ya shiga yajin Adebo yana ɗan shekara 20, yau ya haura 70. Waɗanda suka san yadda ake ɗaura zare a injin saƙa, da waɗanda suka san fata da hannu kafin a auna ta, suna zaune a ƙofar gidajensu a Panshekara da Ja'en da Dakata, kullum ana raguwa. Kamfanin da ya rufe, takardunsa gara ta ci. In waɗannan dattawa suka tafi ba a ɗauki muryarsu ba, jikokinmu za su ɗauka tarihin Kano daga dalar gyaɗa ya yi tsalle ya faɗo kan adaidaita-sahu, ba komai a tsakani.

ƘABLI KAFIN SALLAMA

Ni ba malami ba ne, amma duk wanda ya yi karatun Ahalari ya san babin rafkanuwa. Wanda ya yi ƙari, ba'adi zai yi bayan sallama. Wanda ya yi ragi, ƙabli zai yi kafin sallama. Wanda kuwa ya bar farilla, sujada ba ta isar masa, sai ya kawo abin da ya bari. Misali kawai nake bugawa. Finafinanmu sun sha faɗa a kan ƙari, an ce waƙa ta yi yawa, rawa ta yi yawa. Ragin ne ba wanda ya yi mana tasbihi a kansa, kuma shi ragi kafin sallama ake gyara shi.

Yau uzurin ya ragu. Ba sai ɗan kasuwar Ƙofar Wambai ya yarda ba, ga YouTube, ga tashoshin talabijin masu neman shiri mai dogon zango. Wayar da ke aljihunka ta fi kyamarar da aka ɗauki Turmin Danya kyan hoto. In an hana ka shiga kamfani, ba a hana ka tsayawa a bakin titi lokacin tashi daga aiki ba, ba a kuma hana ka zama a tabarmar tsohon lebura ba. Kuma ba cewa na yi a bar soyayya ba. Lebura ma yana soyayya, har ma tasa ta fi ta ɗan Alhaji abin faɗa, domin shi sai ya lissafa albashi kafin ya lissafa lefe.

Ni dai na fara da abin da zan iya. Ran Juma'ar da ta wuce na zauna da Baba bayan la'asar, na kunna rikoda, na ce ya ba ni labarin ranar da ya fara aiki. Ya dube ni ya ce, "Yau kuma? Me za ka yi da labarin wari?" Na ce ya dai faɗa. Bai tashi ba sai da aka kira magariba, kuma ko shekararsa ta biyu a kamfanin ba mu kai ba.

Mai karatu, in akwai irinsa a gidanku ko a unguwarku, je ka zauna da shi tun yana nan. Furodusoshi da daraktoci da marubutanmu kuma, ga hanya nan, ba ta da nisa. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.